Hoton gudun jini ya yi kyau, to jingar fa?

Mai karatu, idan ka taɓa ganin irin bidiyon nan na gudun jini da ake ɗauka da injin MRI, ka san abin da nake nufi idan na ce yana ɗauke hankali. Zaruruwa ne masu launi, ja da kore da shuɗi, suna fitowa daga zuciya su bi babbar jijiyar jini, idan sun zo inda jijiyar ta kumbura sai su murɗe su riƙa juyi kamar guguwa. Na fara ganinsa ne a wani taron ƙara wa juna sani a sashenmu. Mai gabatarwa ya rufe bayaninsa da cewa nan gaba kaɗan wannan hoton zai riƙa gaya wa likita wace jijiya ce za ta fashe, wacce kuma za a ƙyale. Aka tafa, ni ma na tafa. Da na koma ɗaki na fara karanta binciken da aka gina maganar a kai, sai tafin ya fara ba ni kunya.

Bari mu fara da ita jijiyar. Turawa suna kiranta awota. Ita ce mafi girma a jiki, ta tashi daga zuciya ta yi sama, ta lanƙwaso kamar kan sanda, ta gangaro ta ƙirji zuwa ciki, sannan wajen saitin cibiya ta rabu biyu zuwa ƙafafu. A cikin ciki faɗinta wajen santimita 2 ne, kuma zuciyar babban mutum tana tura jini kamar lita 5 a minti ɗaya ko da yana kwance. Wani lokaci bangonta yakan yi rauni a wuri guda ya fara buɗewa, yadda tiyon injin ban-ruwa yake yin ƙullutu idan ya tsufa. Idan faɗin ya kai santimita 3 a ɓangaren ciki, likitoci suna lissafa shi a matsayin kumburi. Matsalar ita ce yawanci ba ya ciwo. Mutum yana noma, yana zuwa kasuwa, har ranar da zai fashe, kuma idan ya fashe wajen mutum 8 cikin 10 ba sa tashi, da yawansu ma ba sa isa asibiti. Shi ne ajalin Albert Einstein ranar 18 ga Afrilun 1955. Tun a 1948 likitan tiyata Rudolph Nissen ya gano kumburin, ya naɗe masa shi da wata irin leda, domin a lokacin ba a kai ga sauya jijiyar ba.

Yanzu ana iya gyarawa. Ko dai a buɗe ciki a ɗinka bututun roba, aikin da Charles Dubost ya buɗe hanyarsa a Faris a 1951 da jijiyar da aka ciro daga mamaci, ko kuma a zura bututun ta jijiyar matsematsi, hanyar da Juan Parodi na Ajantina ya yaɗa daga 1990. Sai dai aikin kansa yana kisa. A babban gwajin da aka yi a Birtaniya aka wallafa a 1998, an raba mutum 1,090 masu ƙaramin kumburi gida biyu, wasu aka yi musu aiki da wuri, wasu aka riƙa sa musu ido da sikanin. Kusan 6 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin sun rasu cikin kwana 30, alhali cikin waɗanda aka sa wa ido wajen 1 cikin 100 ne jijiyarsu ke fashewa a shekara. Wani gwajin a Amurka a 2002 ya zo da irin wannan sakamakon. Daga nan ƙa'idar da ake bi har yau ta zauna: a jira sai faɗin ya kai santimita 5.5 ga namiji, ko wajen 5 ga mace.

To ina laifin wannan ƙa'ida? Awo ɗaya ne tak, kuma jiki ba ya bin awo ɗaya. Akwai ƙananan kumburi da ke fashewa, akwai manya da mai su zai mutu da wani ciwon daban suna nan lafiya lau. A ɓangaren ƙirji abin ya fi muni. Wani nazari na 2007 ya duba mutum 591 da bangon jijiyarsu ya tsage a kusa da zuciya, ya samu kusan 6 cikin 10 faɗin jijiyarsu bai kai 5.5 ba. Ka ga masu neman wani ma'aunin suna da gaskiya. Ba na jayayya da buƙatar. Abin da nake tuhuma shi ne ko hoton gudun jini ya biya ta.

Ni ɗan ƙasar Haɗeja ne, kakannina na wajen uwa kuma mutanen Baturiya ne ta Kiri Kasamma, saboda haka tunanin da ke bayan wannan bincike bai zo mini baƙo ba. Duk wanda ya tashi a bakin kogi ya san ruwa ba ya taɓa gaɓa iri ɗaya. A inda kogi ya yi kwana, ta waje ruwan yake gudu ya riƙa cin gaɓa, ta ciki kuma ya lafa ya zubar da yashi. Inda mashigi ya buɗe ya zama fadama, ruwan sai ya rage gudu, ya yi ta juyi a gefe, laka ta kwanta. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin da a da yake kusan ƙafewa da rani ya koma yana tafe duk shekara a hankali, kachala ta samu wurin zama ta toshe rassan kogi, ruwa ya sauya hanya, wasu gonaki suka nutse wasu suka bushe. Wato yanayin gudun ruwa shi ke sake fasalin mazubinsa. Haka masu bincike suke cewa game da jini. Ƙwayoyin da ke shimfiɗe a cikin bangon jijiya suna jin gugar jinin da ke wucewa a kansu, kuma suna sauya halinsu gwargwadon yadda gugar take. A cikin kumburin ciki jini yakan lafa ya yi juyi, shi ya sa a mafi yawansu za ka tarar da daskararren jini ya kwanta a bango kamar laka. Wannan sashe na labarin ingantacce ne, an gan shi a ɗakin gwaji an gan shi a jikin mutane.

Injin MRI yana iya auna wannan gudun ba tare da an huda jiki ba. Dabarar ita ce ƙwayoyin ruwan da ke cikin jini suna da ɗan maganaɗisu, kuma idan suna tafiya a cikin filin maganaɗisun da aka karkatar da gangan, siginar da suke mayarwa tana gocewa gwargwadon saurinsu. Idan aka auna ta fuskoki uku, aka bi ta tsawon bugun zuciya, sai a samu abin da ake kira 4D. Akwai kuma hanya ta biyu: a ɗauki siffar jijiyar daga hoton CT, a zuba ta a kwamfuta, a sa kwamfutar ta lissafa yadda jini zai gudana a ciki.

Mafi ƙarfin hujjar da na gani ita ce ta 2015, daga masu bincike na Kalgari a Kanada da Chicago a Amurka. Sun ɗauki marasa lafiya 20 da aka haifa da ƙofar zuciya mai murfi biyu maimakon uku, lahanin da ke samun mutum 1 zuwa 2 cikin 100, wanda ke sa jini ya fita a karkace ya riƙa dukan gefe ɗaya na jijiya. Kafin tiyata suka yi taswirar inda gugar ta yi yawa. Bayan an yanko jijiyar suka duba naman da madubin ƙara girma, suka tarar a daidai wuraren nan zaruruwan da ke ba bango talewa sun fi lalacewa. Aiki ne mai kyau ƙwarai, domin kowane mara lafiya an gwada shi ne da kansa, wuri da wuri. Amma lura da abin da ya nuna: guga tana da alaƙa da lalacewar nama a jikin mutanen da dama an riga an yanke shawarar yi musu aiki. Bai nuna cewa hoton zai iya zaɓo wanda jijiyarsa za ta tsage cikin waɗanda ake sa wa ido ba.

Shekara guda bayan haka, a 2016, wasu masu bincike a Winnipeg suka yi lissafin kwamfuta a kan kumburin ciki guda 7 da suka riga suka fashe. Su kuma suka samu fashewar ta fi faruwa a inda gugar ta yi ƙasa, inda jini ke juyi, inda daskararren jini ya taru. A ƙirji yawan guga ne abin zargi, a ciki ƙarancinta. Ana iya daidaita maganganun biyu, tun da wuraren sun bambanta kuma cututtukan ba ɗaya ba ne. Sai dai ka tsaya ka yi tunani: idan ma'auni ya yi sama a ce haɗari, ya yi ƙasa a ce haɗari, to duk abin da ya faru za a iya fassara shi bayan ya faru. Kuma mutum 7 ɗin nan an ɗauki hotonsu ne bayan jijiyar ta fashe, siffarta ta riga ta sauya. Kamar ka je bakin jinga washegarin ambaliya ka auna ɓarakar, ka ce ga dalilin da ya sa ta ɓalle a nan.

Jingar nan ita ce asalin ƙorafina. Duk wanda ya ga yadda mutanen Haɗeja suke kwana a bakin jinga da buhunan yashi idan ruwa ya cika, kamar a damunar 2020 da ta 2022, ya san tambaya biyu ce. Ta farko, yaya ƙarfin ruwan yake? Ta biyu, yaya ƙwarin ƙasar da aka tare shi da ita? Jinga takan ɓalle a inda ɓera ya yi rami, ko inda aka cika da yashi maimakon taɓo, ko da ruwan wajen bai fi na ko'ina ƙarfi ba. Hoton gudun jini tambaya ta farko kaɗai yake amsawa, ita ma rabinta. Gugar jini a bango wajen faskal 1 ce zuwa 2. Matsin jini na 120 da ake auna maka a hannu kuwa wajen faskal 16,000 ne. Ashe ba gugar ce ke yaga bango ba. Matsi ne ke yaga shi, kuma dokar Laplace ta ce iya faɗin bututu iya jan da bangonsa ke sha, wanda shi ne dalilin da ya sa tsohon awon faɗi bai zama shirme ba. Ita guga saƙo ce da ke sa nama ya lalace a hankali cikin shekaru. Ƙwarin naman a yau, wanda shi ne zai yanke hukunci, ba ya cikin bidiyon.

Akwai kuma batun awon kansa. Hoton 4D yana yanka jiki zuwa ƙananan akwatuna masu faɗin milimita 2 zuwa 3, kaurin bangon jijiyar kuma wajen milimita 2 ne. Guga a daidai fuskar bango ake lissafa ta, wato a inda hoton ya fi dishi-dishi. Masu aikin da kansu sun yarda cewa adadin da suke samu yana ƙasa da na gaskiya, kuma yana sauyawa gwargwadon inda mai zanen ya ja layin bango. Sannan bidiyon da kake gani ba bugun zuciya ɗaya ba ne. An tattara ɗaruruwan bugu ne cikin mintuna, mutum yana kwance shiru, aka haɗa su aka fitar da matsakaici. Yadda jinin yake gudu lokacin da mutumin ya ɗaga buhun shinkafa ko yake tuƙa kwale-kwale bai shiga ba.

Lissafin kwamfuta ya fi hoton kaifi, amma sai ka gaya masa yawan jinin da ke shigowa da yadda yake fita. Sau da yawa ba a auna waɗannan a jikin mara lafiyar ba, arowa ake yi daga wani binciken, a kuma ɗauka bangon sandararre ne ba ya motsi. Masana ruwa da suka yi wa fadamar Haɗeja zuwa Nguru lissafi a shekarun 1990 sun dogara ne da ma'aunan kogi na wurare irin su Haɗeja da Gashuwa, suna gwada abin da lissafinsu ya bayar da abin da kogi ya yi. Ka ɗauko alƙaluman wani kogi ka zuba wa taswirar Baturiya, kwamfuta ba za ta yi gardama ba. Za ta ba ka hoto mai launi, kyakkyawa kuwa.

Don kada in yi rashin adalci, fannin yana matsawa. A 2015 masana suka fitar da matsaya ta bai-ɗaya kan yadda za a riƙa ɗaukar hoton, suka sabunta ta a 2023. A 2022 an wallafa bincike biyu, ɗaya daga Chicago ɗaya daga Basalona, da suka bi masu ƙofar zuciya mai murfi biyu na wasu shekaru, suka ga gugar da aka auna da farko tana da alaƙa da saurin buɗewar jijiya daga baya. Wannan ita ce hanyar da ta dace, a auna yau a jira gobe. Sai dai kowane ɗayansu bai kai mutum 100 ba, kuma abin da suka bi buɗewa ce ta ƙasa da milimita 1 a shekara, ba tsagewa ko mutuwa ba. Ka gwada da gwajin da ya kafa sikanin na tantancewa a Birtaniya, wanda aka wallafa a 2002: maza kusan 68,000 masu shekara 65 zuwa 74, kuma mace-mace daga kumburin suka ragu da wajen kashi 42 cikin 100 a cikin waɗanda aka gayyata. Na'urar da aka yi aikin da ita irin wadda ake duba masu juna biyu ce, awon kuma bai wuce mintuna kaɗan ba. Har yanzu likitan tiyata faɗi yake dubawa, da saurin girma, da alamun ciwo.

Yanzu mu dawo gida. Wani ƙidaya da aka wallafa a 2018 ya samu injin MRI 84 a duk Afirka ta Yamma, 58 daga ciki a Najeriya, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na namun masu ƙaramin ƙarfi ne. Hoton 4D yana son injin mai ƙarfin tesla 1.5 ko 3, da manhaja ta musamman, da wutar da ba ta ɗaukewa, da wanda zai zauna ya tace bayanan. Mutumin Baturiya da ke da ciwon baya, tafiyarsa daga asibitin Haɗeja take farawa, daga nan Dutse ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tafiyar kilomita wajen 200 daga Haɗeja. Wannan ba laifin masu binciken Chicago ba ne, kuma ban ce mu daina karanta aikinsu ba. Abin da ke damuna shi ne yadda mu ɗalibai muke rububin lissafin kwamfuta a kan hotunan jijiyoyin Turawa da muka sauko da su daga intanet, saboda shi ne ke saurin zama takarda. Ni ma babin farko da na tsara wa kaina haka yake.

Alhali tambayoyin da suka shafe mu sun fi haka sauƙi, kuma sun fi nauyi. Ita ƙa'idar 5.5 a kan wa aka gina ta? Mafi yawan mutanen gwajin Birtaniya tsofaffin maza ne, na Amurka kuwa tsofaffin sojoji ne, kusan duka maza. A Turai kumburin ciwo ne na tsoho mai shan taba. Wani nazari daga babban asibitin Kenyatta na Nairobi a 2010 ya samu mata sun fi maza yawa cikin masu ciwon, matsakaicin shekaru kuma wajen 56. Likitocin Durban a Afirka ta Kudu sun daɗe suna ba da rahoton kumburin jijiya a jikin matasa masu cuta mai karya garkuwar jiki. Tarin fuka da tunjere ma suna iya kama bangon jijiya. Irin wannan kumburi da ƙwayar cuta ta haddasa ba ya jiran 5.5, kuma labarin guga da juyi bai cika bayyana shi ba. A can rami ne a jikin jinga.

Ba kuma ina kira ba ne a kwaso tsarin Birtaniya a tara duk mai shekara 65 a Jigawa a yi masa sikanin. Ko a can, yawan masu kumburin ya faɗo daga kusan 5 cikin 100 a lokacin gwajin zuwa wajen 1 cikin 100 bayan an rage shan taba, kuma binciken Amurka ya nuna ya fi ƙaranci a baƙar fata. Gano kumburi a inda babu mai gyara shi a kusa, ko babu kuɗin aikin, jefa mutum ne cikin fargaba. Amma akwai abin da ba ya cin ko sisi. Kullum ana yi wa dattawa sikanin na ciki a asibitocinmu saboda hanta ko ƙoda ko mafitsara. Jijiyar tana nan a kan allo. A ɗora ma'auni a kanta, a rubuta faɗin da shekarun mutum da jinsinsa a littafi guda. Cikin shekara biyu ko uku za mu samu faɗin jijiyar Bahaushe da Bamange da Bafulatani na wannan yanki, da yawan waɗanda tasu ta wuce santimita 3. A wurinmu da ake binne mamaci a ranar, kuma ba kasafai ake binciken gawa ba, wanda ya yanke jiki ya faɗi a gona sai a ce hawan jini ne ko ajali, maganar ta ƙare a nan. Littafin sikanin ɗin nan shi ne ma'aunin kogin da za mu fara kafawa.

Kai kuma mai karatu, idan ka haura 60, musamman idan ka sha taba ko kana da hawan jini, ko wani na jininka ya taɓa samun wannan ciwo, duk ranar da aka kwantar da kai za a yi maka sikanin na ciki, ka roƙi mai dubawa ya auna babbar jijiya ya rubuta maka adadin. Jin bugu a saman cibiya ba lalle ne ya zama ciwo ba, siraran mutane da yawa suna jin nasu. Amma ciwon ciki ko na baya mai tsanani da ya zo farat ɗaya, tare da gumi da jiri ko suma, ba na jiƙo ba ne kuma ba na jira gari ya waye ba. A nemi mota a tafi asibiti nan take, a kuma gaya wa likita idan an taɓa cewa jijiyar ta kumbura.